Hannun Ashta

Ban fito da jaka daga Bangi ba.
Zane ɗaya, 'ya ɗaya a goye,
da makullin gidan da yanzu ko ƙyaure ba shi da shi.
A kan iyaka suka zazzage mu,
suka karɓe 'yan kunne, suka karɓe waya.
Ba wanda ya ce in buɗe tafin hannu.
Da sun ga inda dukiyar take.

Kakata Haluwa maɗoriya ce.
Ina 'yar shekara tara take ɗora yatsuna kan targaɗen maƙwabta,
ta ce, "Ashta, rufe ido.
Baki ya iya ƙarya, jijiya ba ta iya ba."

Kwana shida a bayan tirela,
ƙafar wata tsohuwa ta kumbura kamar tulu.
Ba mai, ba ruwa.
Da yawu da Bisimilla na yi ta murza ta har Garwa.
Ba ta ga Yola ba.
Amma ta samu barci kafin ta tafi, ni ce shaida.

Jos ta tarbe ni da sanyi mai shiga ɓargo.
Ɗaki a Rikkos, kwano na yoyo,
Hausata guntu-guntu, yara na kwaikwayo.
Na yi wankau, na tsinci tumatir a Farin Gada,
inda mata ke ɗaukar kwandon da ya fi su nauyi
har wuya ya nutse cikin kafaɗa.

Mama Kangyang ce ta farko.
Shekara talatin tana wankin kuza a Bukur,
ƙugu ya ƙage kamar tsohon kwaɗo.
Na narka man kaɗe a murfin gwangwani,
na daka citta, na kafa gwiwa a tabarma.
Tana zagina da Birom, ina ba ta haƙuri da Sango.
Da ta miƙe sai ta sunkuya,
ta taɓa babban yatsan ƙafarta,
ta yi dariya har da hawaye.
Ladana kabeji biyu da rabin kwanon dankali.

Daga nan magana ta yi ƙafa.
Wata nas ta gaya wa matar alƙali,
matar alƙali ta gaya wa ƙanwarta a Maitama.
Yau motoci masu baƙin gilashi
ke laluben lungunmu, suna kauce wa kwata.
Zenaba ke riƙe da littafin layi:
wadda ta kira yau, sai bayan sati uku.
Na sayi gado mai rami a wurin fuska,
tawul goma sha biyu,
ga takarda mai hatimi a bango
wadda rabinta ban iya karantawa ba.

Baya ba ya rufa wa kowa asiri.
Wannan kafaɗar bashi take ɗauke da shi.
Wancan wuyan ya shekara bakwai yana cewa "to" a ofis.
Akwai Hajiyar da ke zuwa da gwal har gwiwar hannu,
ƙasan allon kafaɗarta wani ƙulli kamar goriba.
Ran da na danna shi
sai ta kira sunan ɗan da ta binne.
Ban tambaya ba. Na ƙara mai.
Mai zuwa coci da mai zuwa masallaci
duk a gaɓa ɗaya suke cewa "wash".

Sukan ce, "Ashta, a ina kika yi karatu?"
In ce, "A hanya."
Su ɗauka raha nake.

Da dare, in na jiƙa hannu a ruwan ɗumi
don yatsu sun ƙi lanƙwasa,
sai wani wuri ya farka a bayana,
hagu, ƙasa da haƙarƙari,
inda Isseini ya tura ni cikin mota ya ce yana tafe.
Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Hannun da Abuja ke bin layinsa
bai kai nan ba.

Sai in kwanta rubda ciki,
Zenaba ta cire safa ta hau,
tana taka ni a hankali tana bitar lissafi.
"Inna, nan ne?"
"Matsa sama kaɗan."

Makullin na nan a ƙusa, kusa da tawul.
Ranar Juma'a nakan shafa masa mai.